Yadda Ake Ziyartar Tsohon Gidan Sarauta a Karkarar Ingila: Mu Ɗauki Chatsworth

Duk baƙon da ya sauka wurina a Sheffield, in dai zai kwana uku, sai na kai shi Chatsworth. Na kai ɗalibai sababbin zuwa, na kai surukina, na kai abokai da iyalansu, har na daina ƙirge. Kusan kowa kuskure ɗaya yake yi idan aka bar shi da kansa: ya ƙarar da ƙarfinsa da cajin wayarsa a cikin ɗakuna, sannan ya fito lambu a gajiye, ga yunwa, ga magariba na matsowa. Alhali rabin abin da ya biya wa kuɗi, ko fiye, yana waje ne. Saboda haka wannan bayani kusan dukansa a kan tsara yini yake.

Ingila cike take da irin waɗannan gidaje. Manyan masu ƙasa ne suka gina su a tsakiyar gandayensu, kowanne da lambunsa da dajinsa da ƙauyen barorinsa. Na zaɓi Chatsworth ne domin shi na fi sani, amma matakan za su yi maka aiki a kowane gida irinsa. Yana cikin gundumar Derbyshire, a bakin kogin Derwent, kusa da garin Bakewell. Zuriyar Cavendish ke riƙe da shi tun 1549, kuma shugaban gidan shi ke da sarautar Duke na Devonshire. Duke ita ce sarauta mafi girma a ƙasar idan aka cire gidan sarki. Mai riƙe da ita yanzu shi ne na 12.

Kayan da za ka tanada

Takalmi shi ne na farko. Kambas ko wani rufaffen takalmi mai kauri wanda ƙafarka ta saba da shi. Zuwana na farko, saboda an ce mini gidan sarauta ne, na caɓa ado da shadda da takalmin fata mai santsi. Kafin azahar gindin wandona ya sha laka, takalmin ya sha kashin tumaki. Idan kana son hoto da kayan gida, ka sa su, suna kyau ƙwarai a gaban ginin, amma a ƙasa kambas, a ciki suwaita.

Sai rigar ruwa mai hula. Ta fi laima, domin iskar tsaunukan nan takan juye laima. Ko ka tashi ka ga rana tarwai, kada ka bar ta a gida.

Ƙaramar jaka, ba babbar goyo ba. A cikinta: gorar ruwa, fulas ɗin shayi, abin da za ka ci, sallaya mai naɗewa wadda ruwa ba ya ratsa ta (ko ka haɗa da leda ta shimfiɗawa a ƙasa), fawa bank, da ledar zuba shara. Katin banki ya fi tsabar kuɗi amfani, ko a bas ma da shi ake biya.

Idan da jariri, a zo da zanen goyo ko majanyi irin na gaba. Ba a shiga cikin gidan da keken jarirai, a ƙofa ake ajiye shi.

1. Ka fara sanin wa ke da gidan

Wannan yana da nasaba da aljihunka. Gidaje da yawa suna hannun ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895. Wasu na English Heritage ne, wata ƙungiyar da ita ma ke kula da wuraren tarihi. Wasu kuma har yau masu su na ciki. Wanda ya yanki katin zama ɗan ƙungiyar National Trust yana shiga gidajenta ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai mutane su ɗauka katin na buɗe kowace ƙofa. Ba ya buɗe ta Chatsworth. Gidan na ƙarƙashin wata gidauniya tasa ta kansa da aka kafa a 1981, kuma tikitinsa daban.

Akwai labari a bayan wannan. Da Duke na 10 ya rasu a 1950, gwamnati ta buƙaci kashi 80 cikin 100 na dukiyar a matsayin harajin gado. Magajin ya sayar da filaye, ya miƙa zane-zane da littattafai masu daraja, ya kuma ba da wani gidan nasu, Hardwick Hall, wanda ya koma hannun National Trust a 1959. Abin da ya sa kai da ni muke iya taka dardumar waɗannan gidaje ke nan: rufin ya fi ƙarfin aljihun masu shi, dole sai da kuɗin baƙi.

2. Zaɓar lokaci

Gidan yakan buɗe daga ƙarshen Maris zuwa farkon Janairu, sannan a rufe shi a tsakiyar hunturu domin shara da gyare-gyare. Gidaje ƙanana da yawa ma tun ƙarshen Oktoba suke rufewa, wasu kuma ba kowace rana ta mako suke buɗewa ba. Ka duba shafin gidan na intanet kafin ka yanki tikitin jirgi, ba bayan ka yanka ba.

A ganina babu kamar Mayu da Yuni. Furanni sun buɗe, 'yan raguna sun cika fili, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare ko bayan haka. Oktoba ma na da nata kyau, lokacin da ganyaye ke komawa ja da ruwan ɗorawa. Agusta hutun makaranta ne, cunkoso ya yi yawa. Daga Nuwamba ana ƙawata gidan da adon Kirsimeti, ana cika maƙil, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, wato lambun ya kusa zama asara.

Talata, Laraba ko Alhamis sun fi. Juma'a ka bar ta, domin babu masallaci a wannan karkara, sai ka koma Sheffield ko wani babban gari.

3. Yankar tikiti

Ta intanet ake yanka, kuma za a ce ka zaɓi lokacin shiga cikin gidan. Ka ɗauki na farko-farko, wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. Tikiti iri-iri ne: na gida da lambu, na lambu kaɗai, da wanda ya haɗa da gonar dabbobi ta yara. Idan zuwan farko ne, ka yanki na gida da lambu.

Za ka ga an tambaye ka ko kana son yin Gift Aid. Tsari ne da ke ba gidauniya damar karɓo wani kaso daga hukumar haraji, kuma na masu biyan haraji a Birtaniya ne kawai. Idan ziyara ka zo, ka ce a'a.

Ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya tun daga gida. Sabis yakan yi rauni a cikin kwarin, kuma ba daɗi mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga waya sama, layi na bayansa.

Idan kuɗi bai kai ba fa? Filin da ke kewaye da gidan, kimanin eka 1,000, kyauta ake yawo cikinsa. Za ka ga gidan daga waje, ka zauna bakin kogi, ka hau tudu, ba ka biya ko sisi ba. Akwai kuma wasu kwanaki a watan Satumba da ake kira Heritage Open Days, inda gine-ginen tarihi da dama a faɗin Ingila ke buɗewa kyauta. Wanda ke Landan kuma zai iya zuwa Kenwood House a Hampstead, ba a biyan kuɗin shiga.

4. Hanya

Daga Landan, jirgin ƙasa ake shiga a tashar St Pancras zuwa Chesterfield ko Sheffield, tafiyar kimanin awa biyu. Tikitin da aka yanka makonni kafin tafiya ya fi na ranar araha nesa ba kusa ba. Daga Sheffield akwai bas mai lamba 218 da ke zuwa Bakewell, yana bi ta Chatsworth, ba ya kai awa ɗaya. Daga Chesterfield ka nemi bas mai bi ta ƙauyen Baslow, ka sauka a can, ka taka kimanin kilomita biyu ta cikin filin gidan.

Ni na fi son hanyar Baslow ko da akwai bas mai kaiwa bakin ƙofa. Za ka shiga ta wata ƙofar ƙarfe mai juyawa, ka bi tsakanin manyan itatuwa da tumaki, gidan na ɓoye, sai can ka gan shi ya bayyana. Da gangan aka tsara haka, zan dawo kan wannan.

Gargaɗi biyu. Basin karkara ba ya tsayawa sai ka miƙa hannu. Na biyu, kana sauka ka ɗauki hoton jadawalin komawa, ka san lokacin bas na ƙarshe. Na taɓa shagala a lambu ya wuce ni, kuɗin tasin da na biya ya fi na tikitin shiga. Ranar Lahadi basin ya fi ƙaranci.

Idan da mota za ka, ka tuna hagu ake bi, hanyoyin ƙunci gare su, kuma a cikin filin gidan tumaki na kwanciya a kan kwalta abinsu. Su ke da hanya.

5. Kafin ka shiga

Kada ka zarce ƙofa. Ka sauka wajen gadar dutse mai baka uku da ke kan kogin, wadda James Paine ya gina a shekarun 1760, ka kalli gidan daga can. Idan akwai rana za ka ga bakin tagogi na ƙyalli. Ba fenti ba ne, zinariya ce aka lulluɓa siririya, kuma an sabunta ta a wani babban gyara na shekara goma da aka kammala a 2018, wanda ya ci fiye da fam miliyan 32.

Sannan ka kewaya bayi kafin ka shiga. Hanyar cikin gidan mai tafiya gaba ce kawai, ba a komawa baya. Nan ne kuma lokacin yin alwala idan za ka iya riƙe ta. Bayin Turawa babu buta, shi ya sa na ce ka riƙe gora. Kada ka ɗora ƙafa cikin kwamin wanke hannu, kuma ka goge ruwan da ya zuba a ƙasa. Ni nakan yi alwala a gida in sa huffi, in ta karye in yi shafa.

6. Cikin gidan

Ka ba shi awa ɗaya da rabi. Ɗakunan sun haura 100, amma waɗanda ake nuna wa baƙi ashirin da 'yan kai ne. Dokokin kaɗan ne: ba a taɓa komai, ba a cin abinci, ba a kunna fitilar kamara, ba a tsallake igiya, ba a zama kan kujerar da ba a ce ta zama ce ba. Za ka ga wasu ɗakunan da duhu-duhu, labule a sake. Ba rowar wuta ba ce, haske ne ke cinye launin tsofaffin yadudduka.

Tarihin da kake buƙata bai fi wannan ba. Wata mata mai suna Bess ta Hardwick da mijinta Sir William Cavendish ne suka sayi wurin suka gina gidan farko. Ita Bess aure huɗu ta yi, kowanne ya bar ta da ƙarin dukiya, har ta zama cikin matan da suka fi kowa arziki a Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. A wannan gida aka sha tsare Maryamu, Sarauniyar Sikotlan, a shekarun 1570. Ginin da kake gani yanzu kuwa Duke na farko ne ya sake shi tsakanin 1687 da 1707, sai Duke na 6 ya ƙara dogon ɓangaren arewa a ƙarni na 19.

Babban zaure mai zane shi ne zai fara tarbar ka. Ka ɗaga kai: rufi da bango duk tarihin Julius Kaisar ne, aikin wani Bafaranshe, Louis Laguerre. Kowa a nan yake cincirindo da waya. Ka ɗauki hoto ɗaya ko biyu ka wuce, akwai abin da ya fi shi a gaba.

A hawa na sama akwai ɗakunan alfarma, a jere, ƙofar wannan na kallon ta wancan. Wanda ya san fadar sarakunanmu ba zai sha wahalar gane su ba. Yadda ake wuce soro bayan soro, kuma iyakar inda mutum zai kai ya danganta da matsayinsa, haka nan ma. Na farko na taron jama'a ne, na gaba na manya, har a kai ɗakin barci da ɗan ƙaramin ɗakin da ke ƙurya, wanda sai na jiki ke shiga. Duke na farko ya ƙawata su ne yana sa ran Sarki William na Uku da Sarauniya Mary za su sauka a gidansa, tunda yana cikin waɗanda suka gayyato William ya karɓi mulki a 1688. Ba su taɓa zuwa ba.

A ɗakin kiɗa na wannan jeri, ka nemi wata ƙofa da aka bari a buɗe. A bayanta akwai wata ƙofar, an rataye goge irin na Turawa a jikinta. Ka tsaya ka dube shi da kyau. Babu goge, zane ne. Surukina sai da ya yi gardama da ni, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman inuwar igiyar, daga ƙarshe ya ce, “Kai, wannan mutum da a kasuwa yake da ya sayar wa mutane iska.” Mutane da yawa suna wuce shi ba su sani ba.

A kowane ɗaki akwai ma'aikaci a tsaye. Ba ɗan sanda ba ne, aikinsa amsa tambaya, kuma yawancinsu jira suke a tambaye su. Tambayar da na ga ta fi buɗe bakinsu ita ce: mene ne a ɗakin nan da mutane ke wucewa ba su lura ba? Wata tambayar da ta dace a kowane irin wannan gida ita ce daga ina kuɗin ya fito. A Chatsworth amsar ta haɗa da filayen gidajen ibadar Kirista da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace, da auren 'ya'yan masu dukiya, da ma'adinan darma da tagulla, da filaye a Ireland. A wasu gidajen amsar ta fi ɗaci. A 2020 National Trust ta fitar da rahoto cewa 93 daga cikin wuraren da take kula da su suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. Tambayar ba rashin kunya ba ce, sun saba jin ta.

Hanyar takan ƙare da dogon ɗakin sassaƙa, inda Duke na 6 ya tara mutum-mutumin farin dutse daga Italiya, har da ayyukan Canova, shahararren masassaƙin ƙasar. Gara ka sani tun yanzu: da yawansu tsirara suke, haka ma wasu zane-zanen rufi. Idan kana tare da suruki ko yara, ka san yadda za ka ja hankalinsu ku wuce. Amma duk inda ka ci karo da sassaƙar wata mace mai lulluɓi, aikin Raffaelle Monti, ka dakata. Mayafin da ke kan fuskarta dutse ne, amma kana hango hanci da idanu ta cikinsa kamar shara-sharan gyale.

Ƙofar fita ta cikin kanti take bi. Ka riƙe aljihunka.

7. Abinci da salla

Ka ci abinci yanzu, kafin lambu. Wuraren sayar da abinci suna tsohon bargar dawakai, wani gini da ya fi gidajen attajirai da yawa girma. Kada ka sa ran naman halal. Ka kiyayi duk abin da aka rubuta wa ham, bacon, pork, sausage ko gammon, duk alade ne. Abin da ke da alamar V babu nama a ciki, sai dai ka tambaya ko an sa giya, musamman a miya da kek na lokacin Kirsimeti. Alewa mai danƙo sau da yawa tana da gelatin, wani sinadari da akan samo daga fata da ƙashin dabba, har da alade. Abin da ba ya ba ni matsala: dankali gasasshe da cuku ko wake, sanwicin ƙwai ko kifi, da shayi da wani ɗan burodi mai suna scone da ake shafa wa kirim da jam.

Mafi sauƙi da araha dai ka zo da naka. Ana shimfiɗa a ci a fili, ba mai kallon ka, Turawan ma haka suke yi. Dambun nama da burodi da fulas ɗin shayi a bakin Derwent sun fi mini duk abin da ke cikin bargar.

Salla kuma, ka nemi gefe mai natsuwa a ƙarƙashin itace, nesa da hanya. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda jiki ya saba. Ka duba ciyawar kafin ka shimfiɗa, saboda tumaki. Idan ana ruwa, ka tambayi ma'aikaci ko akwai wani lungu da za ka yi minti biyar. Ka kuma sani karnuka suna da yawa a fili da lambu, kusan duka da igiya a wuya. Idan ba ka son ya shinshine ka, ka ɗan ja gefe, mai shi zai gane ya janye.

8. Lambu

Nan za ka zuba sauran yininka, awa uku in da hali. Eka 105 ne, a jikin tudu. Ka karɓi taswira a ƙofa. Dabarar ita ce ka hau sama tun da sauran ƙarfi, ka gangaro a hankali.

Ka fara da matakalar ruwa. An gina ta a 1696, aka faɗaɗa bayan 'yan shekaru. Ruwa ne ke fitowa daga wani ɗan gini a kan tudu yana gangarowa kan matakala fiye da 20, kuma kowace an sassaƙa ta daban da 'yar'uwarta domin ƙarar ruwan ta riƙa sauyawa. Idan ka taka gefenta kana hawa, ka kasa kunne. A 'yan shekarun nan tsufa ya kama ta, ana aikin gyara, don haka ka duba ko ruwan na gudu kafin ka yi wa yara alkawari. Ko babu ruwa ka hau, domin daga can sama ne za ka ga gida da kogi da tsaunuka a shimfiɗe.

Daga nan ka dubi filin da ke hayin kogi. Ido zai ce maka haka Allah ya halicce shi: tudu mai laushi, itatuwa nan da can, kogi na lanƙwasa. Aikin hannu ne. A shekarun 1760 Duke na 4 ya ɗauko Lancelot Brown, wanda ake wa laƙabi da Capability, aka gyara tuddai, aka sauya wa kogi hanya, aka dasa itatuwa inda ido zai so su. Har ƙauyen Edensor aka tayar daga inda yake domin yana tare wa mai gida kallo. Ka lura babu shinge tsakanin lambu da makiyaya, amma tumaki ba sa shigowa. Akwai katanga, a cikin rami aka gina ta yadda ba a hango ta daga gida. Suna kiranta ha-ha. Ka ja kunnen yara masu gudu, don ba a ganin ramin sai an zo bakinsa.

Sauran abin mamakin lambun yawanci aikin mutum ɗaya ne, Joseph Paxton, ɗan manomi da Duke na 6 ya naɗa shugaban masu lambu a 1826, bai wuce shekara 23 ba. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya fara aiki: ya iso da asuba wajen huɗu da rabi, ya tarar ƙofa a rufe, ya haura katanga ya zagaya lambun, ƙarfe shida ya raba wa ma'aikata aiki, a wurin karin kumallo ya ga yarinyar da zai aura, duk kafin ƙarfe tara.

Shi ya yi lambun duwatsu, inda aka ɗora manyan duwatsu kan juna kamar za su faɗo, ruwa na zuba ta tsakaninsu. Shi ya gina katafaren ɗakin gilashi wanda a zamaninsa babu kamarsa a duniya, har ana shiga da keken doki. Dumama shi sai da kwal mai yawa, da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya babu kwal babu ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920. A gurbinsa ne aka dasa lungunan ɓad-da-bami a 1962, da itatuwa 1,209 da aka aske suka zama bango. Ka shiga, amma ka ba shi minti ashirin, kuma ka riƙe hannun ƙaramin yaro. Itacen ana kiransa yew, yana da jajayen 'ya'ya masu jan ido, kuma guba ne. Ramin da ake bi da kwal ta ƙarƙashin ƙasa yana nan, ana shiga.

Wani abin da baƙina ba sa yarda da shi sai sun karanta da idonsu: ayabar da ta cika manyan kantunan duniya, wadda ake kira Cavendish, daga sunan zuriyar wannan gida ta samo suna. Paxton ne ya rene ta a ɗakin gilashi a nan a shekarun 1830, a ƙasar da ayaba ba ta iya rayuwa a waje.

Ka ƙare da doguwar tafkin da ke kudu da gidan, inda ruwa ke tsartuwa sama. Da aka ji Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai zo Ingila a 1844, Duke ya so ya nuna masa abin da ya fi na fadarsa. Paxton ya haƙa tafki a kan dutsen da ke bayan gidan, ya jawo bututu zuwa ƙasa, cikin wata shida. Babu inji ko ɗaya, nauyin ruwan ne kawai ke harba shi, kuma ya taɓa kaiwa kusan mita 90. Shi ma Sarkin Rasha bai zo Chatsworth ba. Sau biyu ke nan gidan na yin shiri domin sarki, sarki na ba shi kunya. Yanzu ba a cika sake shi duka ba, domin tattalin ruwa. Ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka tsaya hoto, in ba haka ba ka yi wankan da ba ka shirya ba.

Ba a tsinkar fure, ba a yankar reshe a kai gida. Akwai wani ganye mai baki kamar zarto a gefen hanyoyin daji, suna ce masa nettle, yana ƙuna da ƙaiƙayi kamar ƙarara. Idan ka ratsa doguwar ciyawa inda barewa ke kiwo, ka duba ƙafafunka da dare saboda kaska.

9. Idan da sauran lokaci

Zaɓi ɗaya za ka yi cikin biyu. Mai ƙarfin gwiwa ya hau dajin da ke bayan gidan zuwa hasumiyar farauta, wadda ke tsaye tun zamanin Bess, a shekarun 1580. Hawan da tsayi, amma kwarin duka na ƙarƙashinka. Wanda ya gaji ya tsallaka gada ya taka kamar minti goma sha biyar zuwa Edensor, wanda mutanen wurin ke furtawa Enza. Kusan kowane gida a ƙauyen da irin gininsa daban. A maƙabartar cocin aka binne Paxton, da kuma Kathleen, ƙanwar Shugaban Amurka John Kennedy, wadda ta auri ɗan gidan. Kennedy ya ziyarci kabarinta a Yunin 1963, 'yan watanni kafin a harbe shi. Mutane ne ke zaune a gidajen ƙauyen, kada ka leƙa taga ko ka jingina da ƙofar wani domin hoto.

Idan Chatsworth ya yi maka nisa, wanda ke kusa da Oxford ya je Blenheim, inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Na Manchesta ya je Lyme. Wanda kuma ya ga Chatsworth ya yi masa ƙyale-ƙyale da yawa, ya gwada Haddon Hall, 'yan kilomitoci daga Bakewell, tsohon gida ne ƙarami da ya fi shi shekaru, kicin ɗinsa da katakon yankan namansa suna nan yadda aka bar su. Amma kada ka haɗa biyu a rana ɗaya. Na gwada da wasu baƙi masu gaggawa, da dare suna duba hotuna suna musu a kan wane ɗaki ne na wane gida.

Minti ashirin kafin bas ɗinka ka kama hanyar tasha, ka zuba shararka a jaka, ka kankare lakar takalmi a ciyawa kafin ka hau.